Jinyar Ido Bayan Aikin Gyaran Gani da Hasken Leza

Gabatarwa

A makarantun sakandare na ƙasar Rano da Kibiya, kamar sauran makarantun ƙasar Hausa, da wuya a shiga aji a rasa ɗalibin da yake ƙanƙance ido in ya dubi allo, ko wanda kullum yake rige-rigen kujerar gaba saboda rubutun malami ba ya fita masa daga baya. Galibin irin waɗannan ɗalibai ba wata cuta ke damunsu ba, siffar idon ce kawai ta ɗan saɓa, har hasken da ke shiga ba ya haɗuwa a inda ya kamata. Maganin da aka sani tun ɗaruruwan shekaru shi ne tabarau, kuma har gobe shi ne mafi araha da ƙarancin haɗari. Amma tun daga ƙarshen shekarun 1980 likitoci suka samu wata hanyar, watau sassaƙa gaban idon da wani irin haske mai ƙarfi da ake kira leza, domin mutum ya ajiye tabarau ya gani garau da idonsa.

Aikin kansa ba ya cin lokaci. Cikin abin da bai kai rabin awa ba an gama da ido biyu, hasken kuwa bai cika wuce minti ɗaya a kan kowane ido ba. Wannan saurin ne yake sa mutane su ɗauka cewa da an fito daga ɗakin tiyata magana ta ƙare. Alhali kuwa rauni likita ya yi wa idon, rauni wanda aka auna aka tsara, kuma jiki yakan shafe wata uku zuwa shida yana ɗinke shi. Na'urar aikin tana da tsada, sai a manyan asibitocin ido na birane ake samunta. Don haka mutumin Kahu, a ƙaramar hukumar Kibiya, da ya yi tattaki aka yi masa aikin, kwana kaɗan zai yi a birni ya komo gida, sauran jinyar duk a gida za a yi ta, cikin ƙurar hunturu da ƙaiƙayin sussuka da hayaƙin murhu. Wannan maƙala za ta bayyana abin da ke faruwa a cikin ido a waɗannan watanni, da dalilin kowace doka da likita ke gindayawa, domin dokar da aka san dalilinta ta fi daɗin kiyayewa.

Yadda Ido Yake Tattara Haske

A gaban baƙin ido akwai wani ɓawo garai-garai mai kama da gilashin agogo, wanda likitoci ke kira koniya. Kaurinta a tsakiya rabin milimita ne da 'yan kai, watau kimanin maikiromita 540. Maikiromita ɗaya kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Duk da wannan siranta, koniya ce ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin lanƙwasa haske, ragowar kuma na wani ɗan madubi ne da ke cikin idon. Su biyun ne suke haɗa ƙarfi su tattara haske a kan wani labule da ke can ƙuryar ido, mai suna ratina, daga nan jijiyar gani ta kai saƙo ƙwaƙwalwa.

Idan ƙwallon ido ya yi tsawo fiye da kima, ko koniya ta cika doro, sai hasken abin da ke nesa ya haɗu tun bai isa ratina ba, mutum ya riƙa ganin na kusa sarai, na nesa kuwa dishi-dishi. Idan ƙwallon ya gajarta, abin da ke kusa ne zai fi ba shi wahala. Akwai kuma wanda koniyarsa ba ta zagaye daidai ba, ta yi kama da bayan cokali, wani gefe ya fi wani lanƙwasa, sai gani ya karkace masa kusa da nesa. Ana auna ƙarfin tabarau da ma'aunin da ake kira diyofta, kuma ɗaliban fiziks za su iya gwada lissafin a aji: a raba mita ɗaya da lambar tabaran mai rashin ganin nesa, amsar ita ce iyakar inda yake gani sarai ba tabarau. Mai diyofta 2 ganinsa yana tsayawa a rabin mita, mai diyofta 4 kuwa a santimita 25.

Koniya hawa-hawa ce, kuma hawa uku ne suka shafi wannan bayani. Na sama wata siririyar fata ce mai kaurin kimanin maikiromita 50, wadda ƙwayoyin halittarta ke sabunta kansu cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Na tsakiya shi ne kashi 90 cikin 100 na kaurin koniya, kuma zaruruwa ne na wani sinadari mai suna kolajin, a jere cikin tsari kamar saƙar tabarma. Wannan tsarin ne yake barin haske ya ratsa, kuma abin da aka cire daga wannan hawa ba ya sake tsirowa. Na ciki kuwa ƙwayoyin halitta ne da ke aikin famfo dare da rana, suna zuƙe ruwa daga koniya don kada ta kumbura ta yi hazo. Babu hanyar jini ko ɗaya a koniya, amma jijiyoyin jin zafi sun cika ta fiye da kusan ko'ina a jiki, shi ya sa ƙwayar yashi ɗaya ke hana ƙato sakat.

Daga Wuƙa Zuwa Haske

Tunanin sauya siffar koniya ya girmi leza. José Barraquer, wani likita ɗan asalin Sifen da ya zauna a Bogota ta ƙasar Kolombiya, ya riƙa yanko gaban koniya yana sassaƙa shi ya mayar, a shekarun 1960. A shekarun 1970 kuma Svyatoslav Fyodorov na Tarayyar Sobiyat ya yaɗa hanyar tsaga koniya da wuƙa, tsage-tsage masu kama da wayoyin ƙafar keke. Matsalar wuƙa ita ce hannun ɗan Adam ba ya iya auna maikiromita.

A 1981, a ɗakin binciken kamfanin IBM da ke jihar New York ta Amurka, Rangaswamy Srinivasan, ɗan asalin Indiya, tare da abokan aikinsa Samuel Blum da James Wynne, suka haska wani nau'in leza mai suna eksima a kan ragowar naman talotalo, suka ga ya yanka shi tsaf ba tare da ya ƙona gefen yankan ba. Hasken eksima yana cikin rukunin ultrabayolet, wanda ido ba ya gani, kuma maimakon ya dafa nama, kwance ɗaurin da ke riƙe da ƙwayoyinsa yake yi su tashi kamar tururi. A 1983 likitan ido Stephen Trokel ya gwada shi a kan koniyar shanu, a 1988 kuma Marguerite McDonald ta yi aikin a idon mutum mai gani a birnin New Orleans. Wajen 1990 Ioannis Pallikaris na tsibirin Kirit a ƙasar Girka ya haɗa dabarar Barraquer da hasken eksima, aka samu aikin da ake kira LASIK. Daga baya wani nau'in leza mai tartsatsi cikin ƙasa da ƙiftawar ido ya maye gurbin wuƙar yankan, kuma binciken da ya share masa hanya ne ya ba Donna Strickland da Gérard Mourou rabo a kyautar Nobel ta fiziks a 2018.

Iri Uku na Aikin

Kowane bugu ɗaya na hasken eksima yana kankare kimanin rubu'in maikiromita. Domin gyara diyofta ɗaya a fili mai faɗin milimita 6, ana cire kimanin maikiromita 12 daga tsakiyar koniya. Ke nan mai diyofta 3 za a rage masa maikiromita 36, abin da bai kai kaurin silin gashin kai ba. Bambancin ayyukan yana ga yadda ake isa ga hawan tsakiya, kuma wannan bambancin ne yake yanke irin jinyar da za a yi.

A aikin PRK, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1995, ana share fatar sama gaba ɗaya a tsakiyar koniya, a haska leza, sa'an nan a rufe wurin da wani ɗan tattausan gilashin roba har sabuwar fata ta tsiro. A aikin LASIK kuwa ana yanka wani siririn murfi mai kaurin maikiromita 100 da wani abu, a bar shi maƙale ta gefe ɗaya, a ɗaga shi, a sassaƙa ƙarƙashinsa, a mayar da shi ba ɗinki. Na uku, mai suna SMILE, wanda hukumar ta amince da shi a 2016, leza ne ke yanka wani ɗan faifai a cikin koniya, likita ya zaro shi ta wata 'yar kafa mai faɗin milimita biyu zuwa huɗu.

Ba kowa ake yi wa aikin ba. Sai mutum ya kai shekara 18, lambar tabaransa kuma ta tsaya cik aƙalla shekara guda, don haka yawancin ɗaliban sakandare lokacinsu bai yi ba. Ba a yi wa mai ciki ko mai shayarwa, ko mai ciwon sukarin da bai daidaita ba, ko wanda koniyarsa ta yi siranta, ko wanda koniyarsa ta fara tsini a gaba. Wannan tsinin yana da alaƙa da yawan murza ido, kuma yaran da suka taso da ƙaiƙayin ido mai dawowa duk shekara, wanda ya yawaita a ƙasashe masu zafi da ƙura, ya wajaba a binciki koniyarsu da kyau kafin a taɓa ta.

Yadda Raunin Yake Warkewa

Wanda aka yi wa LASIK, da zarar maganin kashe zafi ya sake shi, zai ji raɗaɗi da hawaye da tsoron haske na tsawon awa huɗu zuwa shida, kamar an watsa masa yashi. Abin da ya fi masa a wannan lokaci shi ne ya rufe ido ya yi barci. Washegari yawancin mutane sukan ga duniya ta washe. To, amma me ke riƙe da murfin da ba a ɗinke ba? Da farko famfon nan na hawan ciki ne ke zuƙo shi ya manne, kamar yadda jiƙaƙƙen ganye ke mannewa a jikin tasa. Cikin kwana ɗaya ko biyu fatar sama takan haɗe bakin yankan, sa'an nan cikin makonni da watanni wani siririn tabo ya riƙe gefen. Duk da haka murfin ba ya komawa ƙarfinsa na asali, domin zaruruwan da aka yanke ba sa sake saƙuwa kamar da. A kwanakin farko murza ido sau ɗaya na iya gusar da shi ko ya yamutsa shi, shi ya sa ake ba majiyyaci garkuwar roba ya rufe ido in zai kwanta. Bugu mai ƙarfi kuwa na iya ɗaga shi ko bayan shekaru, don haka ɗan dambe ko ɗan kokawa ya faɗa wa likita sana'arsa tun farko, domin irinsu PRK aka fi yi musu.

Jinyar PRK ta fi tsanani a farko. Fili ne mai faɗin kusan milimita 8 aka bari ba fata, jijiyoyi a waje, saboda haka kwana biyu zuwa uku na farko akwai zafi sosai. Ƙwayoyin halitta sukan rarrafo daga gefe zuwa tsakiya, su rufe filin cikin kwana uku zuwa biyar, sa'an nan likita ya cire gilashin robar da hannunsa. Sabuwar fatar takan fito da gargada, gani ya riƙa zuwa yana komawa har makonni, bai cika daidaita ba sai bayan wata ɗaya zuwa uku. A nan haɗarin shi ne jiki ya wuce gona da iri wajen warkarwa, ya zuba sabbin zaruruwa barkatai, koniya ta yi hazo. Domin taka wa jiki birki ne ake ba da maganin ɗigawa mai hana kumburi, na rukunin sitiroyid, na tsawon makonni ko watanni, ana rage shi sannu a hankali. Hasken rana mai tsanani yana ƙara haɗarin wannan hazo. Jinyar SMILE ta fi kusa da ta LASIK, sai dai babu murfin da zai goce.

Bushewar Ido da Kyallin Fitilu

Kowane iri aka yi, sai an yanke wasu daga cikin jijiyoyin koniya. Su ne ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa ido ya fara bushewa, ita kuma ta umarci ƙiftawa da fitar hawaye. In an yanke su saƙon yakan yi rauni, ido ya bushe mai shi bai sani ba, har sai ya ji yaji ko gani ya dusashe, in ya ƙifta ya washe. Jijiyoyin suna sake tsirowa, amma sannu a hankali, cikin wata shida zuwa shekara ko fiye. Ruwan jiƙa ido na kwalba da ake rubutawa yana tsaya wa hawaye ne kafin su dawo, kuma ana ɗiga shi bisa agogo, ba a jira sai an ji yaji. Mai karatu ko mai kallon waya ƙiftawarsa takan ragu ƙwarai, don haka ɗalibi mai shirin jarrabawa da malami mai duba takardu su riƙa ɗaga kai suna hutar da ido a kai a kai.

Da dare kuma ƙwayar ido takan buɗe, haske ya shiga ta gefen da aka sassaƙa, sai mutum ya ga fitilar mota ta yi zobe ko ta tarwatse kamar tauraro. Wani bincike da hukumar nan ta Amurka ta jagoranta, aka buga a 2017, ya nuna cewa cikin waɗanda ba su da irin wannan matsalar gani kafin LASIK, waɗanda suka kai kashi 46 cikin 100 sun ba da labarin aƙalla alama ɗaya bayan wata uku, kuma cikin waɗanda ba su da bushewar ido a da, har kashi 28 sun same ta. Amma waɗanda abin ya hana su harkokinsu ba su kai kashi ɗaya ba, fiye da kashi 95 kuma sun gamsu da ganinsu. Darasin shi ne, waɗannan alamu sun zama ruwan dare a watannin farko, galibi suna raguwa, ko da yake akwai 'yan ƙalilan da abin ke zame musu na dindindin. Direba da mai babur su dakata da tuƙin dare har likita ya ba da izini.

Jinya a Kahu

Takardar umarnin da asibiti ke bayarwa ba ta cika ambaton masussuka ko kududdufi ba, don haka wajibi ne majiyyaci ya auna ta da rayuwar garinsu. A ɗauka wani matashin malamin makaranta ne daga Kahu aka yi wa aikin a watan Nuwamba. Zai dawo ya tarar ana girbin dawa da sussuka da shiƙa, ƙaiƙayi na tashi a kowace masussuka. Ɗan ɓurɓushin tsiro da ya soki koniya yakan shigar da ƙwayoyin cuta na dangin fumfuna, waɗanda suna cikin mafi wuyar magani a cututtukan koniya, kuma sun fi samun manoma ko da ba a yi musu wani aiki ba. Ido mai sabon rauni, wanda ake ɗiga wa maganin da ke rage kariyar jiki, ya fi kowane zama cikin haɗari. Irin wannan mutum ba shi ba masussuka har sai likita ya sallame shi.

Yana fita daga kaka sai hunturu, lokacin da iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, laimar iska ta faɗi ƙasa warwas, leɓe da ƙafa su tsage. Iskar da ke busar da wanki cikin ɗan lokaci ita ce ke busar da hawayen idon da jijiyoyinsa ba su gama dawowa ba. Maganinta shi ne yawaita ɗiga ruwan jiƙa ido da sanya baƙin tabarau mai rufe gefe, musamman a kan babur bisa hanyar da ba kwalta. Tabaran ya kasance mai tare hasken ultrabayolet, domin duhun gilashi kaɗai ba ya tare shi, a haɗa kuma da malafa a ranar bazara. Wannan ya fi wajaba ga wanda aka yi wa PRK. Mai girki ta nisanci hayaƙin itace, domin yana sa hawaye da son murza ido. Saboda duk waɗannan, zaɓen lokacin aikin yana cikin shawarar da ya kamata a yi da likita: manomi ya kauce wa kaka, malami da ɗalibi su dubi dogon hutu.

Sai ruwa. Ruwan rijiya da na kududdufi, har da na famfo, suna ɗauke da ƙananan halittu da lafiyayyen ido ke iya turewa amma mai rauni ba ya iyawa. A makon farko, wajen wanka da alwala, a rufe ido ruf kada ruwa ya shiga, a kuma tambayi likita yadda za a goge fuska. Iyo a rafi ko a magudanan noman rani masu shan ruwa daga madatsar Tiga sai bayan makonni da dama, wasu likitocin ma sukan ce wata ɗaya zuwa biyu. A wanke hannu da sabulu kafin ɗiga magani, kada bakin kwalbar ya taɓa ido ko gashin ido, kuma kada a yi aron kwalba.

Kwalli ma a jingine shi aƙalla mako biyu, ko iya abin da likita ya ce, domin gari ne da ke shiga ido, ana kuma zizara shi da abin da hannuwa da yawa suka taɓa. Haka nan duk wani maganin da 'yan dubiya za su kawo, ruwan ganye ne ko ruwan sukari ko nonon mace, a karɓi gaisuwar a bar maganin. Akwai kuma haɗarin kantin magani. Sitiroyid yana sa ido ya yi fari ya yi daɗi, sai majiyyaci ya ci gaba da sayensa bayan wa'adi ya cika, alhali a wasu mutane yana tayar da matsin ruwan cikin ido har ya lalata jijiyar gani ba tare da wani zafi ba. Yanke shi farat ɗaya kafin lokaci shi ma kuskure ne. In jinyar za ta faɗa cikin watan azumi, a yi maganar lokutan ɗiga magani tun kafin aiki, don kada a tsallake na rana bisa raɗin kai.

Alamomin da Ba a Kwana da Su

Ƙa'idar mai sauƙi ce: ido mai warkewa yau ya fi jiya. In zafi ya ƙaru bayan ya fara sauƙi, ko gani ya ragu bayan ya washe, ko ido ya yi ja wur da kwantsa mai kauri, ko aka ga farin ɗigo a kan baƙin ido, ko wani abu ya bugi idon, to a nemi likitan ido a ranar. Shigar ƙwayoyin cuta bayan wannan aiki ba ta da yawa, amma in ta auku kwana biyu na jinkiri na iya barin hakiya ta har abada. Tun kafin a bar asibitin da aka yi aikin a karɓi lambar wayar likita, a kuma san inda za a nufa in abu ya taso. Birnin Kano yana da Asibitin Ido na ECWA, wanda aka kafa a 1943, da sashen ido na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da Asibitin Ido na Makka; a Kaduna kuma akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. Kuɗin motar komawa asibiti, a washegarin aiki da bayan mako guda da wata guda da wata uku, a lissafa shi cikin kuɗin aikin tun farko.

Abin da Leza Bai Gyara Ba

Aikin siffar koniya kaɗai ya sauya. Ƙwallon idon da ya yi tsawo yana nan da tsawonsa, kuma ratinar mai lamba babba tana nan da haɗarin yagewa. Bayan shekara 40 madubin cikin ido yakan ƙage kamar na kowa, a koma neman tabaran karatu. Aikin kuma ba ya maganin yanar ido ko hawan jinin ido, waɗanda su ne manyan masu makantarwa a Nijeriya. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, yana ce sanadin kashi 43 na makantar, hawan jinin ido kuma kusan kashi 17. Binciken ya kuma nuna cewa fiye da rabin masu matsakaicin raunin gani tabarau kawai suke buƙata.

A nan akwai abin lura mai muhimmanci. Na'urar auna matsin ido tana danna koniya ne, kuma koniyar da aka rage wa kauri takan ba da lamba ƙasa da ta gaskiya, har likitan da bai san tarihin idon ba ya zaci lafiya lau alhali hawan jinin ido ya fara ɓarna. Haka kuma ranar da za a cire yana, lissafin madubin roba da za a dasa yana buƙatar sanin abin da aka yi wa koniya a da. Saboda haka takardar aikin, mai ɗauke da lambar tabarau ta asali da kaurin koniya da irin aikin da aka yi, a adana ta tare da takardun makaranta da na gona, a nuna wa duk likitan idon da aka je wurinsa har ƙarshen rayuwa.

Kammalawa

Hasken leza yana cire abin da bai kai silin gashi ba cikin daƙiƙu, amma fatar koniya tana buƙatar kwanakinta, murfi makonninsa, jijiyoyi kuma watanninsu, kuma babu maganin da ke gajarta wannan lokaci. Abin da ke hannun majiyyaci da iyalinsa shi ne su kare idon daga hannu da ƙura da ruwa da rana, su bi jadawalin magani, su kuma koma asibiti ranar da aka sa musu ko da ido ya yi garau. Malamai kuma suna da nasu rabon tun kafin a kai nan: ɗalibin da ke ƙanƙance ido a bayan aji a tura shi a auna ganinsa, a kuma hana abokansa yi masa ba'a in ya sa tabarau. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, kuma a jinyar ido mai gaggawa ne yakan koma baya.